Tsanin da Aka Jingina a Bayan Rumbu

A wani gari, ba nesa da naku ba, akwai wani manomi mai babban rumbu. Ba zan faɗi sunansa ba, gama jikokinsa suna da saurin fushi. Matarsa Keziya dai Baban Zakka take ce masa, mu ma haka za mu ce.

Rumbun nan a kan duwatsu yake zaune, kamar kowane rumbun kirki, domin kada gindinsa ya taɓa ƙasa gara ta sami hanya. Tun zamanin ubansa dokar gidan guda ce: ba a jingina kome a jikin rumbu, ko fartanya, ko sanda. Tsanin hawa ma a bisa rumfar tsakar gida yake kwana. Ba a kuwa buɗe rumbun sai ruwan fari ya sauka, a taru a yi addu'a, maigida ya hau ya miƙo dami na farko.

Ana nan da rani, sai Baban Zakka ya gano cewa kunun wata mace a hayin rafi ya fi na gidansa gardi. Yau kunu, gobe kunu, har ta kai ana shiga daga ciki a huta. Mai kunu ba ta da miji, tana kuwa da yara, shi kuma ba ya son zuwa hannu wofi.

Da zuciyarsa ta dame shi, sai ya kai maganar wurin maƙwabcinsa Tanimu, suna tsaye a jikin danga. Tanimu ya daɗe a birni, ya dawo ba ya zuwa majami'a, ba ya zuwa masallaci. Kada ku ɗauka mugu ne. Shi ne mai ba da aron keke, shi ne mai kai marar lafiya asibiti.

"Kai babba, ita babba, ba wanda ya ɗaure wani," in ji Tanimu. "Jiki naka, gero naka. Faɗa mini, mutumina, wa ka cuta?"

Baban Zakka ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga wanda ya cuta ba. Bai dai leƙa bayan danga ba, inda Keziya take shiƙa.

Sauko da tsanin gida zai jawo tambaya, saboda haka ya sassaƙa wani a ɓoye, ya jingina shi a bayan rumbu, inda ba mai zuwa. Da rana tsaka, kowa yana neman inuwa, sai ya hau, ya ɗaga jinka, ya zaro dami daga sama, ya bi ta bayan gida. Tsanin kuwa ya bar shi nan, ƙafarsa a ƙasa, kansa a rumbu. Ai gobe ma za a hau.

Wata rana yana bisa tsani, gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, sai ya ji wata 'yar ƙara daga can ƙasan rumbu. Kamar yayyafi a nesa. Kamar mutane masu yawa suna raɗa, da ya riƙe numfashi sai su ma su dakata. Ya leƙa, ya ga damman gero a jere lafiya lau. Ya ce iska ce.

Sai kajin gidan suka daina zuwa wurin tsaba. Suka koma bayan rumbu, su tsaya a jere ba kuka, wuyansu a miƙe, suna kallon sama. Kullum kuma ƙara ƙiba suke yi.

"Baban Zakka, me kajin nan suke kallo?" in ji Keziya.

Ya ce kaji ba su da hankali. Ta dube shi, ta koma aikinta. Daga nan ƙarar ta fara binsa. Yana cin tuwo yana jinta. Ran Lahadi a majami'a ana tsakiyar waƙa, a ƙarƙashin muryoyin mata zumunta, yana jinta.

Da hadari ya fara haɗuwa, sai ya ce bari ya kawar da tsanin nan kafin ranar buɗe rumbu. Ya kama, ya ja. Itacen ya ruguje a hannunsa kamar busasshen ganye. Amma tsanin bai faɗi ba. Wani tsani na jar ƙasa ya rage a tsaye, da matakansa, da rassansa biyu a sama, daidai kamar wanda ya sassaƙa. Ya sa ƙafa ya rushe shi, ya share wurin da tsintsiya, ya ce magana ta ƙare.

Ruwan fari ya sauka. Iyali suka taru, maƙwabta suka zo, har da Tanimu, wanda ya cire hula don ladabi. Aka yi addu'a. Baban Zakka ya hau ta tsanin gida, ya ɗaga jinka, ya saurara. Shiru. Ransa ya yi fari, ya dira a kan damman.

Sai suka buɗe suka haɗiye shi har ƙirji. Kowane dami yana nan da siffarsa, kowace zangarniya da tsawonta, amma ƙasa ce. Gara ta yi shiru ne domin ta gama.

Keziya tana tsaye da masaki tana jiran dami na farko, sai jar ƙura ta taso daga bakin rumbu. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Tun rani ni ma nake jin ƙarar nan, Baban Zakka. Jira nake ka faɗa mini." Ta aiki Zakka ya kawo igiya a ciro ubansa. Sa'an nan ta taka a hankali, ta ajiye masakin wofi a gaban Tanimu, ta koma ɗaki.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: rumbun nan alkawarin aure ne, shi ne kuma jikin da Allah ya ba ka amana, ko kana da aure ko ba ka yi ba tukuna. Duwatsun su ne umarnin Ubangiji, wanda ya keɓe kwanciya domin aure. Ba don ya hana ka daɗi ya ɗora ka a kansu ba, sai don ya san abin da ke cikin ƙasa. Tsanin baya kuwa kowa ya san nasa.

Tambayar Tanimu ba ta wauta ba ce, mutanen kirki da yawa suna yinta. Yarda abu ne mai kyau, amma mutum biyu ne suka yarda, rumbun kuwa na gida duka ne. Keziya ta sha yunwa a daminar nan, Zakka ya sha, mai kunu ma da 'ya'yanta suka koma jiran damin da ba zai ƙara zuwa ba. Akwai igiya, gama Almasihu ba ya barin mai tuba cikin ƙura. Amma gara a nemi igiyar tun ana jin ƙara.

Na ga wasunku sun fara satar kallon na kusa da su. Ba a aike ku bayan rumbun maƙwabci ba. In kun koma gida, kowa ya zaga bayan nasa, ya tsaya, ya saurara.