Ranar da Aka Kai Baba Alcide Fadama da Kujerarsa

Akwai wani saurayi a garinmu na bakin fadama, a kudancin Louisiana, sunansa Lucien Verret. Ya yi shekaru yana yawon neman aiki, yau wannan birni gobe wancan, sannan ya dawo gida da jaka ɗaya da surutu buhu guda.

Dawowarsa ta zo daidai da lokacin share ruwa. Kowace shekara hukuma takan rufe wani yanki na 'yan kwanaki, masunta su janye kejin ƙaguwarsu, sannan 'yan sa-kai su shiga da jiragen ruwa su tsamo waɗanda guguwa ta ɓatar. Ɓatattun kejin nan suna kwance a ƙasan ruwa suna ta kama ƙaguwa da kunkuru, babu mai zuwa ya buɗe musu. Kuma duk kejin da aka tarar a ruwa bayan an rufe, sabo ko tsoho, katafila ce za ta murƙushe shi.

Goggonsa Noelie ce ke shirya aikin. Ta ce wanda ya fi kowa tsamowa zai samu sabon akwatin ƙanƙara.

"Goggo, ki rubuta sunana a jikinsa tun yanzu," in ji Lucien.

"Fara tuna yadda ake tada inji tukuna, ɗan birni."

Ana gobe za a rufe, ya ɗauki jirgin goggonsa ya fita leƙen wuri. Kowa ya riga ya kwashe nasa. Amma da ya sha kwana ta bayan ciyayi, sai ga ƙwallayen alama da ake ɗaurawa a igiyar keji a jere a saman ruwa, rawaya da baƙin zane, har inda ido ya tsaya. Kowa a garin ya san fentin nan. Na Baba Alcide ne, tsohon masuncin da ba shi da wata sana'a sai ita.

Lucien ya yi murmushi. Gobe da safe waɗannan duk sun zama yasassu. Ba shiga taɓo, ba wahala, akwati ya zama nasa. Ya juya jirgi yana fito.

Kafin ya kai gaɓa, fiton ya mutu a bakinsa, don ya tuna da kejin nan tsohon yake ci.

Ya tarar da Baba Alcide a baranda, zaune a kujerarsa mai lilo, ƙafa ɗaya a ɗaure. Ashe daga tsani ya faɗo.

"Baba, kejinka suna ruwa."

"Na sani. Ni na zuba su."

"Gobe za a murƙushe su fa."

"Na gaya wa kowa ɗan ƙanena yana zuwa ya janye."

"Yaushe zai iso?"

Tsohon ya kawar da kai, ya tsura wa ruwa ido. Lucien ya gane babu wani mai zuwa.

"To bari in janye maka."

"Kai? Hannun wani a igiyata? Tun zamanin kakana ba a taɓa yi ba. A ruwan nan wanda ya taɓa kejin wani ɓarawo ne, ko Fada ne da rigar cocinsa. Gara katafila ta cinye su."

Lucien ya sosa ƙeya. Can ya ce, "In kuma hannunka ne ya fara kama igiyar fa?"

"Da wace ƙafar zan je?"

"Wa ya ce da ƙafa za ka je?"

Ya kira Goggo Noelie. Suka kama kujerar, shi dama ita hagu, tsoho yana kai yana zage-zage, suka sauke shi a tsakiyar jirgi suka ɗaure ta da igiya. Maƙwabta suka fito suna tafi.

"Ranka ya daɗe, a sauka lafiya!" wata ta ɗaga murya.

"Ku jira ƙafata ta warke!" in ji Baba Alcide.

Haka suka wuni. Tsoho ya miƙa ƙugiya ya kamo igiya, ya danƙa wa Lucien, shi kuma ya ja. Faɗa kuwa bai tsaya ba.

"Ja da ƙarfin bayanka, ba da hannu ba! Me suka koya maka a birnin?"

Wata ƙatuwar ƙaguwa ta damƙe wa Lucien yatsa, ya yi ihu har tsuntsaye suka tashi. Baba Alcide ya yi dariya har kujera ta nemi kifewa. Jirgi ya cika, suka kai gaɓa suka sauke, suka koma. Rana tana shirin faɗuwa suka ɗora na ƙarshe.

Washegari Lucien ya fito aikin gayya bayansa kamar an yi masa duka. Ya shiga taɓo har gwiwa, ya tsamo 'yan tsofaffin keji masu tsatsa. A cikin ɗaya ya samu kunkuru da sauran numfashi, ya sake shi. Akwatin ƙanƙara kuwa wasu mata biyu 'yan ƙungiyar waƙar coci suka tafi da shi, suna ɗaga masa hannu.

Da aka zauna cin abinci, sai ga babbar tukunya tana tururi, ƙaguwa da masara da dankali, yaji har hanci. Kamun jiya ne, Baba Alcide ya ce a dafa wa 'yan sa-kai duka. Ya buga sandarsa a ƙasa, kowa ya yi tsit.

"Likita ya ce ƙafar nan ba yanzu ba. In an buɗe ruwa ina bukatar mai ja. Ni in kama igiya, kai ka ja, abin da ya fito mu raba. Ka yarda, ko za ka sake ɗaukar jakarka?"

Lucien ya dubi yatsansa da ya kumbura, ya dubi tsohon.

"Da kujerar za mu riƙa fita?"

"Da kujerar. Kuma kai za ka riƙa ɗauka."

Darasi: Kada ka gina nasararka a kan asarar maƙwabcinka. In kuma za ka taimaki mutum, ka taimake shi ta hanyar da mutuncinsa ba zai zube ba. Ku tura wa wanda kuka san yana da hannun taimako, musamman abokan aikin gayyarku.