Rufin Ɗakin Haihuwa na Kwarin Ɗinya

Ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne za ku yanke ta.

A wani gari da ake kira Kwarin Ɗinya an yi wani dagaci mai suna Jatau, mutum mai sanyin hali da ba ya son hayaniya. Abin da ya fi damunsa shi ne wahalar mata masu naƙuda a hanyar asibitin birni, wasu a kan babur, wasu a amalanke. Ya yi ta bin manya har aka yarda a gina wa garin ɗakin haihuwa, aka ba wani ɗan kwangila, Alhaji Mamuda, aikin. Gini ya tashi fes, da rufin kankare da farin fenti. Ranar buɗewa Jatau har da ƙwalla.

Damina ta farko rufin ya fara yoyo, kafin kaka kuwa tsaga ta fito daga wannan bango zuwa wancan. Jatau ya kira Alhaji Mamuda, tunda a ƙa'ida gyaran duk aibin da ya bayyana yana wuyan wanda ya yi aikin. Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, sabon gini ne yake zama. Ina nan tafe." Shiru bai zo ba. Da aka matsa masa, sai ya turo leburori suka cusa siminti a tsagar, suka shafe da fenti. Jatau ya ga wuri ya yi kyau, hankalinsa ya kwanta.

Hankalin Tasalla kuwa bai kwanta ba. Ita ce ma'aikaciyar jinyar da ke karɓar haihuwa a wurin, kuma kullum da safe sai ta share garin siminti daga kan gadaje. Ta gaya wa na gaba da ita a birni, aka ce mata an riga an gyara, idan ta rufe wurin ba izini to bakin aikinta. Ta zo wa Jatau, ya ce, "Ki ƙara haƙuri, 'yata." Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni zan iya haƙuri, rufin ne ba zai yi ba." Ta kwashe masu jego da jariransu ta kai su gidanta, ta ba su ɗakinta, ta sa wa ɗakin haihuwar kwaɗo. Aka dakatar da ita daga aiki, mutanen gari suna cewa ta cika rawar kai. Ana cikin haka, wata rana da la'asar, ba iska ba ruwa, rufin ya rufto. Jatau ya je ya tsaya yana kallon gadajen ƙarfe sun lanƙwashe a ƙarƙashin kankare, sannan ya zauna a ƙasa.

Dattawa suka ce tunda ba a yi asarar rai ba, a bar wa Allah, Jatau ma can ya karkata. Sai Malam Kallamu, wani tsohon malamin makaranta mai ciwon gwiwa, ya ce sam. "Mutumin nan yana riƙe da lasisi. Gobe makaranta za a ba shi ya gina, 'ya'yan wasu su zauna a ƙarƙashi." Ya ɗauki sandarsa ya nufi babban birni, wurin hukumar da ke ba 'yan kwangila lasisi kuma take ladabtar da su. Yau a ce shugaba ya yi tafiya, gobe a ce ya dawo wani mako. Ya sayar da tumakinsa saboda kuɗin mota. Alhaji Mamuda ya aika masa da alƙawarin kujerar Makka, ya ce a gaishe shi, ya gode. Bai fasa zirga-zirga ba har hukumar ta sa ranar zama.

Ranar zaman Jatau yana nan. Alhaji Mamuda ya zo da lauya, suka ce an kira shi gyara kuma ya gyara, faɗuwar rufi kuwa laifin ƙasar wurin ne. Ɓaraguzan ma tuni mutanensa sun kwashe da sunan taimako, babu abin da injiniya zai auna. Magana ta kusa mutuwa. Sai wani mutum ya miƙe daga bayan ɗaki. Iro ne, ƙanin Alhaji Mamuda uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shugaban maginansa.

Alhaji ya ce, "Iro, zauna."

Iro ya ce, "Yaya, ka yafe mini, ba zan iya ba." Ya juya ga 'yan hukumar ya ce da hannunsa ya zuba rufin, an rage rodi, an cika yashi, ya yi magana aka ce ya yi abin da aka sa shi. Da tsaga ta fito ya ce a sauke rufin a sake, yayansa ya ce fenti ya isa. Ya kai su ramin da aka zubar da ɓaraguzan, injiniyoyi suka auna, suka tarar maganarsa haka take.

Hukumar ta soke lasisin Alhaji Mamuda saboda aikin algus da ƙin gyara shi, ta ce a sake ginin daga aljihunsa, a hannun wani ɗan kwangilar daban. Aka mayar da Tasalla bakin aikinta. Iro kuwa ya rasa nasa, sauran 'yan kwangila suna gudunsa, mahaifiyarsu ta daina amsa gaisuwarsa.

Da sabon gini ya kammala, mutanen gari suka ce a sa masa sunan wanda ya fi kowa yi musu hidima a wannan al'amari, suka bar wa dagaci zaɓi. Mata suka ce Tasalla, don ba domin ita ba da gawa aka tono. Amma wasu suka ce ta ceci na rana ɗaya ne, kuma kula da marasa lafiya dama aikinta ne. Dattawa suka ce Kallamu, don ba domin nacinsa ba da magana ta wuce kamar ba a yi ba. Amma wasu suka ce da Iro bai miƙe ba, da wahalar banza ya sha. Matasa suka ce Iro, don ya fi kowa asara; sai aka tuna musu cewa hannun nan nasa ne ya zuba rufin, kuma ya yi shiru mata suna kwana a ƙarƙashinsa.

Jatau ya saurari kowa. Duk wanda ya ɗauko a zuciyarsa, sai sauran biyun su tsaya masa a gaba. Mai rubuta allo ya zo da fentinsa yana jira a ƙofar fada.

To, da ku ne Jatau, sunan wa za ku ce ya rubuta: Tasalla, ko Malam Kallamu, ko Iro?