Gadon Tiruwork a Kan Dutse

Akwai wata mata a wani ƙauye kusa da Sekota, sunanta Tiruwork. Da mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gado, yayanta Demissew ya riƙe fadamar da ake noman tef, hatsin da suke yin gurasarsu ta injera da shi, ya nuna mata gangaren dutse ya ce ga nata nan. Wurin ba komai sai tsakuwa da ƙaya.

Ba ta kai ƙara ba. Ta hau gangaren ta sha kukanta. Tana share hawaye ta lura da maget, 'yar ciyawar nan mai ganye uku-uku da jan fure, tana leƙowa daga tsagin duwatsu, tumakinta na ture juna a kanta.

Daga ranar ta shiga jera duwatsu tana tare ƙasa. Ta hana dabbobi hawa sai ciyawar ta zubar da iri. Irin da ta tsinta kuma ta watsa inda babu.

Mutane suka samu abin dariya. In Demissew ya zo wucewa da shanunsa sai ya ɗaga murya: "Ƙanwata, yaushe za a gayyace mu cin injerar ciyawa?"

"In ta nuna zan aiko, Gashe," in ji ta, kamar yadda suke kiran babba don girmamawa, ta ci gaba da aikinta.

A shekara ta biyar damina ta ɗauke da wuri. Tef ya bushe tun bai fid da kai ba, shanu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Amma maget ɗan ruwa ya ishe ta. Gangaren Tiruwork ya yi kore shar, rumfarta kuma cike da busasshiyar ciyawar bara.

Girman kai ya hana Demissew roƙo. Wata safiya, raɓa ba ta bushe ba, ya kora shanun huɗarsa biyu cikin gangaren ba tare da ya tambaya ba. Suka ci kamar ba gobe. Kafin hantsi cikinsu ya kumbura kamar ganga, ɗaya ya durƙushe yana nishi. Manomin da ya rasa shanun huɗa kuwa ya rasa baɗi.

Tiruwork ta ji ihunsa, ta sauko a guje da kwalbar man girki. Ta ɗura wa shanun, ta ɗaura musu kara a baki, ta sa Demissew ya yi ta jan su sama har iskar ta fita suka miƙe.

Ya zauna kan dutse ya kasa ɗaga kai.

"Ɗanya mai raɓa kisa take, Gashe. Da ka tambaya, ai da busasshiya na ba ka."

Ta ɗora masa dami biyu a jaki. Maƙwabta ma duk wanda ya zo bai koma hannu rabbana ba. A shekarar ko sa ɗaya bai mutu a unguwarsu ba.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, dattawa suka roƙe ta ta jagoranci gyaran sauran tsaunukan ƙauyen. Mata suka rangaɗa guɗa. Ranar fara aiki Demissew ne ya fara kai dutse. Tiruwork ta duba ta ce bai zauna daidai ba, a sake. Babu musu ya sunkuya ya sake.

Darasi: Kada ka raina rabonka don ya zo a ƙanƙance, haƙuri da aiki suna fitar da arziki ko daga cikin dutse. In kuma Allah ya ɗaga ka, ka tallafi wanda ya taɓa yi maka dariya. Ku tura wa wanda yake ganin an ba shi ragowa.