Lambar da ke Hannun Gwamma

Ku gyara zama, ku ajiye gardamar ƙwallon nan tukuna. Yau ba labarin dariya na zo da shi ba. Shari'a na kawo muku, ku ne alƙalai. Wanda ya san zai yanke hukunci tun ban kai ƙarshe ba, ya tashi ya ba wani wuri.

Akwai wani gari a bakin iyaka ana ce masa Zangon Tama. Tsakaninsa da Maigaude, ƙauyen da ke tsallake, wata busasshiyar ƙorama ce kawai, sai wani turken siminti da Turawa suka kafa suka yi tafiyarsu, awaki na sosa jiki da shi. Kasuwa a Zangon Tama take, rijiya mai daɗin ruwa a Maigaude. Na nan su auro can, na can su auro nan. Abu ɗaya ne ya raba su, shi ma ba su suka yi wa kansu ba. Masu allurar rigakafi na wannan ƙasar a kafaɗa suke yi wa jariri lamba, na tsallake kuwa a ƙasan gwiwar hannu suke yi. Ɗan tabo ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

A Zangon Tama akwai wata tsohuwa, Gwamma ungozoma. A garin aka haife ta, a garin aka binne cibiyarta. Amma tana jaririya uwarta ta goya ta zuwa gaisuwar mutuwa a Maigaude, ta tarar da masu allura sun zo, ta ce bari ta hutar da kanta wata tafiyar, ta shiga layi. Aka yi wa Gwamma lamba a ƙasan gwiwar hannun hagu. Shekara sittin da ɗoriya ba wanda ya taɓa duban tabon nan sau biyu. Rabin mutanen garin kuwa a tafin hannunta suka faɗo duniya.

'Ya'yanta uku ne. Babban, Nomau, manomi ne. Na biyu, Sallau, ɗan acaɓa ne, yana ɗaukar fasinja da kaya tsakanin garuruwan iyaka. Autar, Lantana, tana aure a birni, tafiyar awa biyu a babur, tana tuyar ƙosai a bakin tasha.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Wani ɗan takara, ba zan ɓata bakina da sunansa ba, ya hau mota da lasifika yana cewa baƙin haure ne suka cinye takin manoma, su suka cika asibiti, su ke shigo da bindiga. Da farko mutane dariya suka yi. Ana nan sai aka tsinci gawar wani dillalin shanu a hanyar kasuwa. Har yau ba a san wanda ya kashe shi ba, amma kafin a yi masa sallah kowa ya riga ya san ɗan tsallake ne. Aka raba wa samari jan ƙyalle da gora, aka gitta igiya a kowace hanya, aka naɗa wani tsohon ɗan kamasho mai suna Barau ya zama shugabansu. Ba sa tambayar takarda, don a yankin ba mai takarda. Magana ɗaya suke yi: "Naɗe hannun riga."

Ranar wata kasuwa da hantsi, Gwamma na dawowa daga karɓar haihuwa a Maigaude, ta iske igiya a bakin ƙorama. Wanda ya tare ta, ita ta yanke masa cibiya.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ni ce fa."

Ya kawar da kai ya ce, "Na sani, Inna. Naɗe hannun."

Aka kai ta tsohon sito na auduga, mai rufin kwano, ba taga. Mutum arba'in da uku aka cusa a ciki, cikin zafin bazara, ana jiran motar da za ta kwashe su ta zubar a fili tsakanin shingen ƙasashen biyu. Can kuma sojan tsallake ba ya barin kowa ya wuce, don shi a wurinsa su ne baƙin. Kwana biyu ba ruwan kirki. A rana ta biyu aka fitar da gawar wani tsoho. Gwamma ta daina magana, harshenta ya bushe, kowa ya ga ba za ta kai zuwan mota ba.

To, ga abin da Nomau ya yi. Ya je wurin Barau ya durƙusa, gandamemen mutum mai furfura a gemu, ya kama ƙafar yaron da ya ba shekara goma. Ya ce a ɗauki gonarsa, a ɗauki shanun huɗarsa. Barau ya ce, "Ni ba na noma, Nomau. Na riga na aika wa manya cewa arba'in da uku na kama. Wanda ya mutu ma na cike gurbinsa. In kana son tsohuwarka, kawo mini wani a madadinta." Nomau ya san mutum ɗaya. Maƙwabcinsa ne, Mati mai haƙar rijiya, wanda suka tashi suna wanka a tafki ɗaya, shi ya sa ya san inda lambarsa take. Tun da rikici ya fara Mati bai cire riga mai dogon hannu ba, kuma ba wanda ya zarge shi. Nomau ya tsaya a ƙofar sito yana jin nishin mutane ta cikin kwano har rana ta take. Sannan ya shige gaba, samari na biye da shi, ya yi sallama a ƙofar Mati da muryarsa da Mati ya sani. Mati ya fito da kwanon fura a hannu, yana cewa, "A'a, maƙwabci, bismilla." Aka tafi da shi, aka turo Gwamma ta ƙofar baya. Mati ya mutu a tsakanin shingen nan biyu bayan kwana huɗu. Ba don Nomau ba, da Gwamma ce a wurin.

Ga kuma abin da Sallau ya yi. Fita daga sito ba tsira ba ce. Tsohuwa ba ta san inda kanta yake ba, ko ruwa aka zuba mata dawowa yake yi. Sai an yi mata ƙarin ruwa, kuma ba inda ake yi sai asibitin birni. Tsakanin Zangon Tama da birni igiya biyar ce, kowace da nata samarin, ba ruwansu da alkawarin Barau. Duk direbobin gari suka noƙe. Sallau ya ɗora uwarsa a babur, ya ɗaure ta a bayansa da zane kamar yadda ta taɓa goya shi, ya yanki daji. Ya kauce wa igiya huɗu ta hanyoyin da shi kaɗai ya sani. Ta biyar a kan gada take, ba ta kaucuwa. Wanda ke riƙe da igiyar wani tela ne, Korau, ango ne ko wata biyu bai yi ba. Shi ba ɗan jan ƙyalle ba ne, dole aka yi wa kowane gida ya ba da namiji ɗaya, shi kuma kaɗai ne namiji mai ƙarfi a gidansu. Ya ɗaga hannu, ya shigo tsakiyar hanya yana kiran Sallau da suna. Wasu sun ce tsayar da shi zai yi. Wasu sun ce gaya masa zai yi ya wuce da sauri. Sallau ya ji kan uwarsa na lilo a kafaɗarsa, ya murɗa wuta. Korau ya faɗa ƙarƙashin gada, bai ƙara motsi ba. Ba don Sallau ba, da Gwamma ba ta ga birni ba.

Saura Lantana. Sallau ya iso tasha da la'asar, ya sauke tsohuwa a rumfar ƙanwarsa. Lantana ta san abin da shi bai sani ba: a ƙofar asibitin ma an zuba masu jan ƙyalle, suna duba hannun kowane majiyyaci, wanda aka gani da lamba a ƙasa ba ya shiga, sito ake mayar da shi. Ta dubi uwarta, ta dubi kaskon tuya da mai ke tafasa a ciki. Ta ce, "Yaya, danne mini ita." Sallau ya ce, "Me za ki yi?" Ta ce, "Ka danne ta, ka kawar da kai." Ta ɗebo mai da cokalin tuya ta kwarara a kan tabon. Tsohuwar da ta yini ba ta yi ko tari ba ta ƙwala ihun da ya tsayar da tasha. Lantana ta ƙara na biyu, don kada a ga wuri ɗaya ne ya ƙone a gane. A ƙofar asibiti ta yi kuka ta ce kasko ne ya kife, ta rantse da Allah a kan ƙarya. Aka duba, ba lamba, sai jan nama. Aka bar su suka shiga. Aka yi wa Gwamma ƙarin ruwa leda shida, ta farfaɗo. Ba don Lantana ba, da wahalar yayyenta duk ta tashi a banza.

Amma ƙunar ta ci jijiya. Hannun ya ƙanƙance, yatsun suka lanƙwashe, ko ludayi ba ya riƙewa. Bayan wata uku, Gwamma ta dawo gida, sai naƙuda ta kama matar wani mahauci mai suna Cindo. Ɗan ya zo a gicciye. Irin wannan Gwamma ta juya ba sau goma ba, ba sau ashirin ba, amma da hannu biyu ake juyawa. Hanya kuma har lokacin a rufe take. Ta zauna a gefen yarinyar tun safe har azahar, tana gaya wa matan gida inda za su danna, su kuwa ba su iya ba. Uwa da ɗa duk suka tafi, tana kallo.

Zaɓe ya wuce. Mai lasifika ya ci, ya tare a babban birni. Aka ji shi a rediyo yana cewa mu da mutanen tsallake uwa ɗaya uba ɗaya ne, ba mai raba mu. Aka kwance igiyoyi, mata suka mayar da su na shanya. Barau ya samu kujera a gaban motar wani babba, ya yi tumbi. Ina gaya muku, ba wanda ya taɓa kiransa ya tambaye shi ko da sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya zubar. Wannan abu har yau in na tuna shi abinci ba ya yi mini daɗi.

Waɗanda aka bari da kaburbura su ne suka rasa inda za su kai ƙara, sai suka kai ta inda hannunsu zai kai. Suka taru a ƙofar mai gari. Matar Mati ta zo da marayu biyar, ta jera su a gaban dattawa, ta ce, "Shekara ashirin muna miƙa wa juna wuta ta kan katanga. Ku ce ya dube su." Nomau bai ɗaga kai ba. Mahaifin Korau, tsoho mai sanda, ya ce, "Ɗana ko kaza bai taɓa bugu ba. Da sunansa ya kira Sallau." Cindo mahauci ya ce, "Hannun nan ba nata ba ne ita kaɗai, na gari ne. Wa ya ba Lantana izinin ƙona shi?" Lantana ta ce, "Da ban ƙona ba, da hannu biyun duk suna cikin kabari." Cindo ya ce, "Matata ma tana can."

Dattawa suka yi kwana uku suna juya magana. In an kai wa hukuma, hukumar ce ta raba jan ƙyalle. In an kori 'ya'yan duka uku, an kashe tsohuwa mai hannu ɗaya da yunwa. In an bar su duka, samarin gidajen nan uku sun riga sun sayi fetur. Sai suka yanke cewa ɗaya zai bar ƙasar, ya ƙetare ƙorama, ba zai dawo ba ko da jana'izar uwarsa. Kowa kuma ya san tsallake yadda take a lokacin: su ma sun koyi naɗe hannun riga, suna ramuwa a kan duk mai lamba a kafaɗa. Masu ƙara suka yarda, amma kowa na son nasa ne ya tafi, har aka kusa ba hammata iska. Mai gari ya ce to, tunda saboda mutum ɗaya aka yi duk wannan ɓarna, ita za ta nuna.

Aka kawo Gwamma, aka shimfiɗa mata tabarma. 'Ya'yanta uku suka durƙusa a gabanta. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Wa ya tambaye ni? A cikinku wa ya tambaye ni ko ina son ran nan a kan wannan farashi?" Ta juya ga mai gari ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ku kore ni. Ni ce baƙuwar." Mai gari ya ce, "Ba ki kashe kowa ba, Gwamma. Jama'a na jira. Ɗaga hannu ki nuna."

Ta ɗaga hannun da ya rage mata.

Nan zan tsaya. Ɗaya ya sayar da maƙwabcin da ya amince da shi, da sani, bayan ya yi tunani. Ɗaya ya take mutumin da bai yi masa komai ba, cikin ƙiftawar ido. Ɗaya ba ta taɓa kowa ba sai uwarta, amma rai biyu suka tafi ta dalilinta. In ka cire ɗaya daga cikinsu, Gwamma ba ta zaune a kan tabarmar nan. To, ku da kuke da uwaye a gida, ku gaya mini: wa za ta nuna?