Jan Ƙarfen Akwatin Sanyi

Alhaji Munzali, shugaban ƙungiyar makiyayan Surko, mutumin kirki ne, illa dai bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya shafa aljihu.

Bara ƙungiyar ta sa 'yar ƙanwarsa Munawwara, wadda ta karanta injiniya, ta haɗa musu akwatin sanyi don ajiye allurar rigakafin ciwon huhun shanu. Akwatin ba ya bukatar wuta. Ruwa ne a cikin bututun da aka zuƙe wa iska, wasu ƙwayoyi masu shan danshi suna janye tururinsa. In ruwan yana ƙafewa sai ya tafi da zafin akwatin, kamar dai yadda randa ke yi. Da farko sanyin bai kai ba, ta ce a sayo siraran fallayen jan ƙarfe, ruwan ya bazu a kansu ya yi saurin ƙafewa. Aka sayo, ta saka, ta liƙe. Sanyi ya samu.

"Kawu," in ji ta, "a taɓa komai ban da murfin bututun nan. Iska na shiga, an gama."

Maganar nan ce ta hana Alhaji sukuni. Ya ja Ashiru, malamin dabbobi, gefe.

"Malam, ka ga jan ƙarfen nan da idonka?"

"Na dai ga sanyi, Alhaji."

"Sanyi kowa ya gani. Gwangwani ma in ya sha fenti ja ne."

"To ai abin yana aiki."

"Ɓarawo mai wayo yana barin abu ya ƙi aiki ne?"

Saura kwana uku a yi allura Munawwara ta tafi Gwaram. Alhaji ya aro sifana. Murfin ya yi ɗan tsaki ya buɗe. Ya leƙa, ga jan ƙarfe nan cif, ko falle ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ya mayar ya ɗaure, hankalinsa kwance, bai gaya wa kowa ba.

Ranar allura aka koro shanu har daga Kangire. Ashiru ya ɗauki kwalba, ya ji ta da ɗumi.

"Alhaji, wannan ta mutu. In na yi wa saniya, ruwa na yi mata."

Wata allurar sai bayan wata biyu, ciwon kuwa bai yi haƙurin jira ba. Garken Alhaji kaɗai ya rasa bakwai.

Da Munawwara ta dawo, ta duba sawun sifana a jikin murfin.

"Kawu, ka samu jan ƙarfen?"

"Yana nan."

"Alhamdulillahi. Hotonsa na cikin wayata tun ranar da na saka."

Darasin shi ne, bincike ba laifi ba ne, amma ana fara shi da baki kafin hannu. Wanda yake zargi ya tambayi mai aikin a gabansa, ko da zai ji kunya. Kunyar tambaya ta wuni ɗaya ce, ɓarnar da zato ya yi a ɓoye kuwa har wanda bai ji ba bai gani ba take shafa.