Ramin Dage a Kan Iyaka

Karen Ɗantsoho mafarauci ya shiga ramin dage ta ƙasar da ta yarda da farautarsa, ya fito da dagen ta ƙasar da ta hana. Alƙalin ƙasar da ta hana ya zo har bakin ramin, don ya gano a ƙasar wa aka kama dagen.

"Nuna mini daidai inda ya cafke shi a ciki," in ji alƙali, "ko a kashe karen."

Ɗantsoho ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, ni ban san ta inda iyaka ta bi a cikin rami ba. Ku shiga ku shata ta, sai in nuna. A dai bi sannu, matar dagen tana ciki."

Alƙali ya leƙa, ya ji gurnani, ya tattare rigarsa.

"Dokarmu," in ji shi, "a bakin rami ta tsaya."