Mutumin Da Ya Sa Kwamfuta Leƙen Maƙwabtansa

An yi wani mutum a nan Kontagora, ba zan kama sunansa ba, don wasunku sun sha yin sahu ɗaya da shi. Allah ya ba shi kai. Shagon kwamfuta gare shi kusa da tasha. Akwai wata irin burauza, wato manhajar shiga intanet, da ba ta bayyana a fuskar kwamfuta. Sai ya rubuta mata umarni ya sake ta, ta riƙa shiga shafukan intanet tana kwaso masa abin da ke ciki. Ba ta gajiya, ba ta sallama, ba wanda ya san ta shigo.

Da fari aikin halal yake yi da ita. 'Yan kasuwar hatsi kan zo ya dubo musu yadda masara da wake ke tafiya a Kudu kafin su yi lodi, suna sa masa albarka.

Ran nan ya hango abokansa biyu suna dariya, da ya ƙaraso suka yi shiru. Bai tambaye su ba. Ya koma shago ya saki burauzar nan a shafukansu, ta kwaso masa duk abin da suka taɓa rubutawa. Bai ga sunansa ko'ina ba. Kuna tsammani ya huta? Ina! Cewa ya yi lalle gogewa suka yi.

Daga abokai ya koma kan maƙwabta, daga maƙwabta ya shiga cikin gidansa. Ya ga wani saƙo a shafin matarsa Salihatu, ya tsare ta: "Wane ne wannan da kike yi wa barka da shan ruwa?"

Ta ce, "Haba Maigida, ɗan yayata ne fa, na Auna. Kai ka raɗa masa suna."

Ya ƙyale ta, amma zuciyarsa ba ta yarda ba.

Akwai wani dattijo makiyayi, Modibbo, da ke kawo masa waya ya saita masa. Shi ya lura da shi, ya ce, "Ɗana, kwana biyu kallon da kake wa mutane bai yi mini ba. Ka ji tsoron Allah." Mutumin ya yi murmushi kawai. Modibbo na fita, ya ce a ransa, shi ma wannan akwai abin da yake ɓoyewa.

Ana nan sai ɓarayi suka kore shanun Modibbo a hanyar Rijau. Gari ya ɗauki zafi, kowa na cewa akwai infoma mai kai wa ɓarayi labari. Mutumin nan ya tuna da Japhet, wani manomi Kirista da gonarsa ke bakin burtali, wanda ya taɓa wuce shi bai gaishe shi ba. Ya ba burauzarsa sunan. Sai ga ta da rubutu: Japhet yana tambaya a wani zauren intanet, ina Fulani ke taruwa da shanunsu bana?

Bai tsaya ba, ya 'yan uwa. Bai je ya tambayi Japhet ba. Ya kai maganar majalisa yana nuna wa matasa a waya. Kafin la'asar sun isa gonar. Suka ƙona masa rumbu, suka karya masa hannu, yana rantsuwa shi ko babbar waya bai taɓa riƙewa ba. Modibbo ne, mai shanun da kansa, ya faɗa kansa ya kare shi.

Da 'yan sanda suka bi diddigi, ashe wani Japhet ne daban, mai sayar da maganin dabbobi a wata jiha, yana neman masu saye. Na'ura ba ta san fuska ba, suna kawai aka ba ta.

Aka ɗauke kwamfutar mai shagon nan aka buɗe. Ga bayanan limamin unguwa a ciki. Ga hotunan matan mutane. Ga wanda ya yi tafiya, ga wanda ya sayi saniya. Labari ya fita gari, sai aka fara tambayar juna: mutumin kirki me zai yi da wannan? Wa yake tara wa?

An hukunta shi kan abin da ya jawo wa Japhet. Ba a same shi da hulɗa da ɓarayi ba, amma wa ya yarda? Salihatu ta koma gidan iyayenta. 'Yan hatsi sun canza hanya. Yau in ya shigo masallaci sai ka ga ana gyara aljihu, ana kashe waya. Yana rantsuwa yana kuka, ba mai gaskata shi.

Ya 'yan uwa, na'urar nan ba ta yi zunubi ba, mai aikenta ne ya yi. Allah ya hane mu mummunan zato, ya hane mu tonon asirin juna, bai ce sai in da kwamfuta ne ba. Wayar da ke hannunka, shafin wa ka buɗe jiya, kuma me ka je nema?

Allah ya wanke zukatanmu daga zargi, ya ba Japhet lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Allah ya kiyaye mu.